Madubin Saitin Yayan Matata

Sana'ata gyaran agogo da tabarau. Mahaifina ne ya taho da mu daga Damagaram ya buɗe shago a kasuwar Diffa. Ni da na ga ciniki bai karɓe ni ba, sai na kafa ɗan tebur a bakin shagon, da gilashin ido ɗaya da hantsaki da ƙananan turnabis na kwance kusoshi. A nan na yi aure. Matata ƴar wani ƙauye ce a gefen Shetimari, a bakin kogin Komadugu, kuma ta dalilinta na san yayanta, manomin tattasai wanda harbi ya fi zama masa a rai a kan noma.

Ya girme ni da shekaru da dama. Dogo ne, ba ya son yawan magana, Hausarsa irin ta Barebari ce, mace da namiji duk "shi" yake ce musu. Yana kirana mai agogo, ni ina ce masa Yaya. Yana da bindiga karabin mai takardar izini, a kanta kuma akwai madubin saiti, baƙin bututu mai gilashi gaba da baya, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da rabi. Na hannu ya saye shi a hayin kogi, rubutun jikinsa duk ya goge. Da shi yake harbin aladun dajin da ke tone masa lambu, da dinya idan ruwa ya kawo, wani lokaci barewa can arewa cikin tuddai.

Ranar da ya fara kawo mini shi, kogi ne ya cika. Yana tsallakawa a kan gora da bindigar a wuya, goran ya juye, bindigar ta sulale ta nutse. Sai da ya yi nitso sau uku kafin ya laluɓo ta cikin laka. Washegari ya zo ya ajiye madubin a kan teburina, laka ta bushe a jikinsa.

"Duba mini, mai agogo. Ya sha ruwa?"

Na goge shi na ɗaga na kalli hasumiyar masallaci. Tas take, har tantabarun da ke kai ina ganin ƙafafunsu. Layuka biyun da suka gitta a tsakiya suna nan daram. Na ce masa ko ɗigo bai shiga ba, an rufe shi ne da busasshiyar iska a ciki tun daga inda aka ƙera shi.

"Wanda ya yi wannan aikin ya ji tsoron Allah," na ce.

Ya yi murmushi kamar ɗansa na yaba.

Abin da ya riƙa ba shi wahala ba gilashin ba ne, kusoshin da suka riƙe shi a kan bindigar ne. Hanyar ƙauyensu rairayi ce da kwazazzabo, shi kuma a moto, wato babur, yake yawo, bindiga a baya tana jijjiga. Kafin sati biyu kusoshin sun sassauta, sai ya saita nan harsashi ya tafi can. Wata shekara ya kuskure wani ƙaton alade har sau biyu, aladen ya dawo ya tone masa irin tattasai kaf. Na karɓi jan farcen matata na ɗiga a kan murɗin kowace ƙusa kafin na ɗaure. Ya tsaya yana kallona da kwalbar a hannu.

"Bindigata za ka yi wa kwalliya?"

"In ya bushe za ka gani, Yaya."

Ya gani. Wata shida ba su motsa ba. Da hantsin wata Juma'a ya ɗauke ni muka fita bayan gari don gwaji. Ya kafa gwangwanin tumatir a kan tudu, ya ƙirga taku ɗari, ya kwanta ya harba, gwangwanin ya yi tsalle. Ya ce sai na gwada. Na manna idona sosai a bakin madubin, na ja kunama, bindigar ta ja baya, bakin ƙarfen ya tsaga mini gira. Jini har cikin ido. Ya yi dariya har da zama a ƙasa, ita ce dariya mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ban sake harbi ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, madubin yana shan wuya. Zafin bazara ya farfasa robar wajen ido, na yanko robar cikin taya na sa masa. Jaki ya taka shi a lambu, bututun ya loɓa a gefe, bai fasa aiki ba. Murfin wajen murɗa saiti ya faɗi a daji, na samo murfin kwalbar magani da ya yi daidai. Gilashin gaba ya yi ƙananan ƙarce saboda Yaya da bakin rawaninsa yake gogewa, rairayi da komai, duk faɗan da nake yi masa. In ya kawo shi, maƙwabtana na kasuwa sukan taso su kalla, su ce wannan abu ba ya mutuwa.

Sai ranar da motonsa ya daki kututture, Yaya ya yi sama ya faɗo a kan bindigar. Shi ya gurɗe a kafaɗa, madubin kuma layinsa na kwance ya tsinke, ya lanƙwashe a ciki kamar gashin gira.

"Buɗe ka gyara," ya ce.

"Yaya, in na buɗe, iskar nan ta ciki za ta fita. Ba ni da abin mayar da ita."

"To me zan yi da shi haka? Da layi ɗaya ake harbi?"

Na ce ya nemi wani. Ya ce ina, da me. Na buɗe. Kwana uku na yi a kansa. Na warware wayar tagulla daga cikin wani mataccen agogon batir, wadda ta fi gashin kai siranta, na tsinka ta fi goma kafin ɗaya ta zauna a miƙe. Na rufe, na shafe bakin da man agogo. Saiti ya dawo, na ji daɗin aikina. Amma da ɗari ya shigo, kowace safiya a bakin kogi sai gilashin ya yi gumi daga ciki, daidai lokacin da dinya ke sauka. Sai ya riƙa cusa shi a hammata cikin riga ya ɗumama shi kafin ya harba. Bai zarge ni ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Tun da ka buɗe shi ya zama kamar mu, yana jin sanyi."

Daga nan tashin hankali ya zo. Ba sai na ba mutanen nan labarinsa ba. Masu bindiga suka cika hayin kogi, aka kai hari Bosso, aka hana hawan moto, aka tsayar da cinikin tattasai na wani lokaci. Aka ce mutanen bakin ruwa su tashi, duk mai bindiga kuma ya miƙa ta. Yaya ya kai tasa da takardarta, aka rubuta masa wata takarda aka ba shi. Amma kafin ya kai, sai da ya kwance madubin. Ya shigo Diffa da shi a tsakiyar ƙullin garin tattasai, ya ajiye a kan teburina da rana tsaka, kasuwa na ci.

Na ja Yaya cikin shago.

"Yaya, ka san abin da za a ce in an kama ka da wannan a shingen sojoji? Gara a gan ka da bindigar kanta."

"Bindiga suka ce a kawo. Wannan gilashi ne."

"Ba haka za su gani ba."

"Ajiye mini. In ƙasa ta lafa za su mayar mini da ita, sai mu ɗaura."

Na jefa shi ƙarƙashin akwatin matattun agogo. Da matata ta ji, kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ta ce ni da yayanta za mu mai da ƴaƴanta marayu a kan bututu.

Shi da iyalinsa suka koma bakin kwalta, cikin rumfar zana da leda, tare da sauran mutanen ƙauyensu. Aka ce wata biyu ne ko uku. Shekaru suka yi. Mutumin da ke cika buhuna da tattasai ya koma bin layin rabon gero. Duk ranar kasuwa yakan samu mota ya shigo, ya zauna a cikin shago, ya ce in fito masa da shi. Ba ya iya ɗaga shi a waje, sai ya saita bangon shagon da ke fuskantarmu ta ƙofa, ya daɗe yana kallo, ya mayar mini.

Wata rana, cikin zafin bazara, na ga yana ta murɗa zoben wajen ido har ya ƙure.

"Ya yi gumi," ya ce.

Na karɓa na duba. Babu gumi ko kaɗan, ina ganin tsagar bulo ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya sake dubawa. Ya ce hazo ne fari. Sai na kama haɓarsa na juya fuskarsa wajen haske, kamar yadda nake yi wa masu sayen tabarau. Ƙwayar idonsa ta dama ta yi toka-toka.

"Yaya, ba madubin ba ne. Idonka ne."

Ya fizge fuskarsa. "Kai ka ɓata shi. Tun ranar da ka buɗe shi bai sake zama daidai ba."

Shekara nawa bai faɗi wannan ba, sai ranar. Ya tashi ya fita, ya yi wata guda bai zo ba. Matata ce ta je bakin kwalta ta lallaso shi muka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce na hagu yana ce ta rufe shi, za a iya cirewa, amma na dama jijiyar ce ta mutu, ya daɗe yana tafiya a hankali ba a sani ba. Aka yi aikin na hagu, ya ɗan samu gani, iya ya gane mutum in ya matso. Na dama kuwa, wanda da shi yake saiti, shi ke nan.

Da aka ce wanda ke so ya koma ƙauye ya koma, yana cikin na farko. Ya gyara rijiya, ya ari injin ban ruwa, ya dasa tattasai. Aladu sun yi yawa a shekarun da babu mutane, ba sa ma gudu. Shi da matarsa suka riƙa kaɗa garwa suna ihu. Abin da aladun suka bari ya fara ja, sai kogi ya yi cikar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ya cinye lambun, ya rushe ɗakin da ya sake ginawa. Suka dawo Diffa da tabarmi da tukwane biyu. Na share musu ɗakin zaure.

Bai sake zancen a mayar masa da bindiga ba. Wata safiya ya ce in kwance madubin in ciro masa gilashin gaba, ko zai riƙa duba takardun addu'o'insa da shi. Na ce ba irin gilashin karatu ba ne. Ya ce in dai ciro. Na rufe shago na zauna. Zoben gaban, wanda ban taɓa buɗewa ba, ya ƙi motsi. Na sa kananzir, na ɗumama shi a wuta, na kama da filaya, sai wajen azahar ya saki. Robar da ke ciki tana nan da laushinta kamar jiya aka sa. Na kai masa gilashin. Ya ɗora a kan takarda, ya ɗaga, ya sauke, ya kai kusa da ido. Ya ce ba ya ganin komai sai baƙi-baƙi. Ya sa shi a aljihu. Bututun kuma na daddake shi da guduma na jefa a masai, matata na tsaye sai da ta ga ya shige.

Yanzu aikinsa cire hancin busasshen tattasai a rumfar wani ɗan kasuwa, cikin mata da tsofaffi, aikin da hannu ke yi ba ido ba. Yakan dawo yana atishawa, yatsunsa ja. Babban ɗansa ya tafi arewa neman aiki, ya ce ko an ba shi lambun kyauta ba ya so.

Watan jiya wani mutumin Shetimari ya zo neman a ba shi aron filin. Yaya ya yarda, amma mutumin ya ce sai an nuna masa iyaka, kada ya shiga na wani. Muka shiga mota mu uku, muka ƙarasa da ƙafa, ina riƙe da hannunsa. Ruwa ya ja da baya ya bar fili shafe, laka ta bushe ta tsattsage. Babu shinge, babu kunyar noma, bishiyar da ke kan kusurwa an sare ta har saiwa. Ya ce in juya shi ya fuskanci kogi. Na juya shi. Ya yi taku kamar ashirin, ya tsaya, ya dawo, ya yi gefe. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza. Mutumin yana jira da turaku a hannu.

"Daga ina zan kafa, Baba?"

Yaya ya nuna wani wuri da ƙafa.

"Nan ne, ina jin," ya ce. "In wani ya zo ya ce nasa ne, ka matsa."