Sista Mai Tambaya da Teburin Alewa

Kafin ƙarfe bakwai na safe ta riga ta buɗe tagogin ɗakin duba yara masu ciwon sukari. Takan ɗora bayan hannunta a cikin firjin da ake ajiye insulin ta ji ko da sanyi, ta jera kujeru, sannan ta sauko da akwatin katuna. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Iyaye ne suka raɗa mata Sista Mai Tambaya, domin ba a kawo mata sabon yaro ba ta tsare uwarsa ba: "Kafin ƙishirwar nan da yawan fitsari, wane ciwo ya yi? Zazzaɓi ne, ko mura, ko gudawa? Yaushe?" Amsar sai ta rubuta a bayan kati da ƙananan haruffanta. Likitoci sukan tsokane ta, su ce ko littafi za ta wallafa. Ita kuwa takan ce, "Ku riƙe gaban kati, ku bar mini bayansa."

Tambayar tana da tushe. Irin ciwon sukarin da ke kama yara, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata sashen da ke samar da insulin. Masu bincike suna zargin cewa wasu ƙwayoyin cuta da ake kira bairos, irin masu kawo zazzaɓi da gudawa, suna iya tayar da wannan rikici a jikin wanda ya gaji sauƙin kamuwa. Ba su yanke hukunci ba tukuna, ita ma ba ta taɓa riga su yankewa ba.

Jikana yana cikin yaran ɗakin, saboda haka na shaida abin da ya faru da wani mai sayar da alewa a ƙofar makaranta. Autarsa, 'yar shekara bakwai, ta kamu da ciwon, aka ɗora ta a kan allura. Bayan wata biyu, wata Talata, ranar duba yaran, ta zo ba su zo ba. Sista ba ta jira Talata ta gaba ba. Tana tashi daga aiki da la'asar ta nemi gidan. Ta tarar da teburin alewa a kife a tsakar gida, Auta kuma tana kwance, leɓɓanta sun bushe, tana jan numfashi da ƙyar. Uwar ta ce kwana huɗu ke nan ba a yi allura ba.

"Sista, ni na ɗora mata," in ji uban. "Kullum ta taso daga makaranta sai na cika mata hannu. Yanzu na kife teburin, na hana sukari shiga gidan nan. Tunda na cire sanadin, me kuma allura za ta yi?"

"Magana ta jira, Malam. Ɗauko ta."

Sai da aka ƙara wa yarinyar ruwa, aka mayar da ita kan insulin, ta buɗe ido washegari ta nemi uwarta, sannan Sista ta zaunar da uban a kan benci. Ta juya katin Auta, ta karanta masa abin da matarsa ta faɗa tun ranar farko: wata uku kafin ƙishirwa, zazzaɓi da gudawa, kwana biyar. Ta zaro wasu katunan ba tare da ta nuna masa sunaye ba. "Wannan ubansa tela ne. Wannan direba. Wannan malamin makaranta, ko shayinsa ba ya sa wa sukari don rowa. A cikinsu wa ke da teburin alewa?"

Ya dubi katunan, ya ce, "To zazzaɓin ne ya jawo?"

"Wataƙila yana da hannu, wataƙila babu. Ga katunan waɗanda ba su yi zazzaɓi ba. Abin da ban sani ba, ba zan ce maka na sani ba. Amma alewarka ba ita ta jawo ba, kuma hana sukari ba zai tsaya a madadin allura ba."

Mutumin ya rufe fuska da hularsa. Ta bar shi ya gama kuka, sannan ta ce, "Je ka ɗaga teburin nan. Ranar da sukarinta ya faɗi, ta fara zufa da rawar jiki, alewa uku ce za ta tashe ta kafin ku iso nan. Magani a gidanka, kana neman zubarwa."

Yau Auta tana koyon aikin koyarwa, da hannunta take yi wa kanta allura. Uban kuwa, shekara goma sha biyu ke nan kowace Talata sai ya kawo leda guda, domin kowane yaro ya fita da alewa uku a aljihu, Sista tana binsu da gargaɗi: "Ta ranar faɗuwar sukari ce, ba ta hanyar gida ba."

Sista, ke ce mai sauke wa iyaye laifin da ba nasu ba. Ke ce wadda ba ta jin kunyar cewa "wataƙila", kuma ba ta bari "wataƙila" ta hana yaro allurarsa. Mun gode, Sista. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da alheri a kan kowane aljihu da kowane kati.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, akwatin yana nan inda ta bar shi. In an kawo muku yaro, ku tambayi uwarsa, ku saurari ubansa, sannan ku juya katin.