Da'irar Abuja da Da'irar Kafanchan

Shagona yana kan hanyar da ta gangara daga kasuwa zuwa tashar jirgi. Katin biki nake bugawa, da takardun jana'iza masu hoton mamaci, da fostocin godiyar girbi na coci-coci. Da wannan na yi aure, da shi nake ciyar da gida.

Wata shekara ƙungiyar ci gaban garinmu ta shirya taro a kan yadda Kafanchan ke cika da baƙi daga ƙauyuka, alhali samarinta na tafiya manyan birane. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin asibiti, ya zo shago da kansa. Ya ce babbar fosta suke so, wadda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai kalla ya gane. Wata malamar labarin ƙasa ce ta tattara alƙaluman, ni kuma aikina in mai da su zane.

Ban taɓa samun aikin da ya shiga raina irin wannan ba. Na yi makonni a kansa, wasu masu katin biki har suka yi fushi suka kai aikinsu wani wuri. Kowane birni na yi masa da'ira daidai yawan mutanensa a da da yanzu: Kaduna, Jos, Abuja, sai tamu ƙarama a tsakiya. Ganin ƙanƙantarta ya sa na kewaye ta da duk abin da nake alfahari da shi. Na sa kan jirgin ƙasa, na sa buhunan citta, na sa sababbin gidajen da suka cinye gonakin bakin gari, na sa wata mata daga ƙauyen Godogodo da kaya a ka tana neman ɗakin haya. Launi kuwa babu wanda na bari.

Ana saura kwanaki kaɗan taro, shugaba ya kira ni ya ce wani ɗan gari da ke aikin zane a Abuja ya zo hutun Kirsimeti, zai turo shi ya duba. Tun kafin ya gama magana na san wanda yake nufi.

Tare muka koyi aiki da shi muna samari, a wurin wani tsoho mai rubuta jikin motoci da allunan shaguna. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgi aka haife shi. Mahaifinsa daga kudu maso gabas ya zo aiki, amma shi bai san wani gida ba sai nan. A lokacin ni ne maigidanmu ke ba wa rubutu mai wuya, shi kuwa wanke buroshi da haɗa fenti. Daga baya ya tafi Abuja, ni na tsaya saboda mahaifiyata. Sai a waya nake ganinsa, a ofis mai gilashi, ko a gefen wasu Turawa. Ina danna masa alamar so, in kife wayar.

Ya zo da mota mai sanyi, ya rungume ni, ya tambayi kowa na gidanmu da sunansa. Ya sa aka sayo masa masa a inda muke saye tun da can. Sannan ya zauna gaban kwamfutata yana kallon aikin.

"Mutumina, hannunka na nan yadda na san shi," in ji shi. "Amma idona bai san inda zai fara sauka ba."

Na ce masa mutanenmu suna son zane mai cika ido. Ya ce haka ne, sai dai in ba shi dama ya gwada wani abu, in bai yi mini ba a bar nawa. Ya ɗauki aikin a tasa kwamfutar, siririya kamar faranti, ya fara cire abubuwa. Jirgi ya tafi, citta ta tafi, matar Godogodo ma ta tafi. Ya bar da'irorin a kan farin fili da launi biyu. Ya ja ƙananan kibiyoyi daga ƙauyuka irin su Fadan Kaje suna shiga Kafanchan, ya ja masu kauri suna fita zuwa Abuja da Kaduna. Kafin masarsa ta huce ya gama. Na tsaya a bayansa ina neman aibi, ban samu ba, kuma rashin samun ne ya fi ci mini rai.

Na buga duka biyun a ƙaramar takarda na kai gida. Ban gaya wa matata wanne ne na wane ba, na ce ta zaɓa. Ko tunani ba ta yi ba ta ɗora yatsa a kan nasa.

"Wannan ka iya shi, Maigida. Ga ma hanyar da ƙanena ya bi. Wancan kuwa kamar zanin atamfa."

Na karɓi takardun na ce zan je masallaci, alhali lokacin salla da saura.

Nasa muka buga, domin ni ma da idona. A ranar taro aka rataya fostar a bangon zauren wata makaranta. Mutane suka yi cincirindo a gabanta, tsofaffi na bin kibiyoyin da yatsa suna faɗin inda 'ya'yansu suke. Shugaba ya tashi ya gode wa ɗanmu na Abuja da ya kawo wa gari irin aikin da ake yi a birni. Ni ina layin baya, kusa da janareto.

Abokina ya miƙe ya karɓi abin magana, ya ce a yi masa afuwa, aikin nawa ne, shi share-share kawai ya yi. Ya nuna ni, ya ce in tashi a gan ni. Na tashi. Aka tafa mini kaɗan, sannan aka tafa masa sosai saboda sauƙin kansa. Da ya yi shiru ya karɓi yabon, da na samu abin riƙewa a kansa. Ko wannan bai bar mini ba. Bayan taro lambarsa aka yi ta karɓa. Ni mutum ɗaya ne ya tare ni, shi ma tambaya ya yi ko katin bikin ƙanwarsa ya fito.

Babbar 'yata ta je taron tare da ni. Lokacin tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma tana da hannun zane tun tana ƙarama. A hanyarmu ta komawa ta yi ta jan ƙafa, can ta ce:

"Baba, in na gama jarrabawa, ko za ka yi wa Kawu na Abuja magana in je in koya a wurinsa?"

Na tambaye ta me ya hana ta koya a shagona. Ta sunkuyar da kai, ni kuma ban sake tambaya ba.

Na ja maganar har damina ta wuce. Uwarta ce ta matsa, na kira shi. Na so ya ce babu wuri, ko ya ce zai duba. Sai ya hau murna, ya ce matarsa ta daɗe tana son 'ya mace a gidan, akwai ɗaki, akwai masallaci a bayan layinsu, kada in damu da komai. Ni na kai ta tashar mota, na roƙi direba ya kula da ita.

Yanzu tana can, tana aiki a ƙarƙashinsa, kuma ana yabonta. Takan kira ni ranar Juma'a. Ba ta minti biyu ba ta ce Kawu ya ce kaza ba, a kan launi, a kan mu'amala da masu ba da aiki, har a kan irin mijin da ya kamata ta saurara. Ina ji, in ce mata ya yi gaskiya, domin yawanci gaskiyar yake faɗa. In na ajiye waya, matata ba ta tambayata abin da aka ce. Ta san sai na ɗan zauna a ƙofar gida tukuna kafin in iya cin abinci.