Tiyatar Sailuba, Sati Uku Bayan Yaye

Sailuba 'yar ƙanwar mahaifiyata ce, amma a gidanmu na Tudun Gwandara ta girma, shi ya sa take kirana Yaya. Tela ce, shagonta na kan Titin Shendam. In amarya tana son rigar da za ta kama jiki ba ta hana numfashi ba, wurinta ake kawo ta, har daga Keana. Mace ce mai son jikinta, ba ta ɓoyewa, kuma ban taɓa ganin laifinta a kan haka ba.

Tagwaye ta haifa, suka yi shekara ɗaya da wata takwas suna tsotso. Da ta yaye su, nonuwanta suka kwanta kamar na kowace uwa. Ranar da na je duba yaran, mijinta Muhyiddin, dillalin doya, yana cin sakwara a tsakar gida. Sailuba ta sunkuya za ta ɗauki kwano, sai ya nuna ta da hannun miya.

"Yaya, kin ga ƙanwarki ta buɗe shagon silifa a ƙirji?"

Ya yi ta dariya, loma a baki, miyar agushi na bin gemunsa. Na kasa ƙarasa abincina. Sailuba ta yi murmushi ta shige ɗaki.

A makon ne Rahmatu ta kawo ɗinki. Mai sayar da man bilicin ce ta waya, kuma ita ke kai wa wani likita mata a Mararaba, wanda ta ce yana ɗaga nono ya cika shi. Ta ce yanzu ne lokacin, tun fata na da laushi.

Akwai wata nas, Doofan, 'yar Tibi, da ke haya bayan shagon. Sailuba ta nemi shawararta a gabana. Doofan ta wanke hannu, ta matsa nonon kaɗan, sai ga farin ruwa ya ɗigo a yatsanta.

"Ka gani?" ta ce, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Ruwa yana nan. Ka bari ya bushe, kamar wata shida. In an yanka yanzu, zai shiga ciwon ya ruɓe. Kuma girman da kake gani yau ba shi zai tsaya ba. Ban ce kar ka yi ba, na ce ka jira."

Sailuba ta ce ta ji. Sati uku cif da yaye, ta kawo mini yaran ta ce za ta Abuja saro yadi.

Daga baya ta ba ni labari, ashe Mararaba ta je wurin likitan Rahmatu. Asibitin ɗaki huɗu ne a saman wani shagon taya. Ta faɗa wa likitan cewa ruwan nononta bai ƙafe ba, ya ce ƙwaya biyu za su busar da shi, yana magana yana danna waya. Ya yanke ta, ya cusa robar da ke cika nono a kowane ɓangare, washegari ya sallame ta.

Kwana shida da dawowarta ta kira ni da hantsi. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni, irin na nonon shanu da ya kwana uku a rana, haɗe da na ɗanyen nama. Tana kwance, jiki zafi rau, ƙudaje na zagaye ta. Na ɗaga bandejin. Nonon hagu ya kumbura ya yi ja yana ƙyalli, ɗinkin ya buɗe, madara da mugunya na tsiyaya tare har katifa ta jiƙe. Na fita na yi amai a kwata, na kuskure baki na dawo.

"Ina Muhyiddin?"

"Ya tafi Agyaragu lodin doya tun shekaranjiya. Ya ce warin na hana shi cin abinci."

Ni da Doofan muka sa ta a Keke Napep muka kai ta asibiti. Likitar da ta duba ta ta ja tsaki, ta tambayi wanda ya yi wannan aikin. Suka farke ɗinkin, suka zuƙe abin da ya taru, suka cire robar duka biyu. Mun kira likitan Mararaba sau ba adadi, wayarsa a kashe. Rahmatu kuwa ta ɗauka, ta ce, "Ayya, jikinta ne bai karɓa ba. Wasu haka jininsu yake."

Muhyiddin ya zo a kwana na huɗu da lemo a leda, ya tsaya nesa da gado.

"Wa ya aike ki? Ni wasa nake yi."

Ban san lokacin da na fizge ledar na watsa masa a ƙirji ba.

Sati uku ta yi a kwance, wata huɗu ba ta iya ɗaga hannu ta yanka yadi. Yanzu ta koma kan keken ɗinkinta. Nonon hagu ya fi na dama ƙanƙanta, da tabo mai kauri a ƙarƙashinsa, soso take ɗinkawa a rigunanta don su daidaita. Likitar ta ce ana iya gyarawa bayan shekara, zai fi kyau in ta gama haihuwa. Sailuba ba ta yanke shawara ba tukuna. Tana gidan mijinta, sai dai ta daina zama in yana cin abinci.

Watan jiya wata kwastoma ta nuna mata tallar Rahmatu a waya. Hoto biyu ne a jere, ba fuska. Na farko ƙirjin Sailuba ne, wanda aka ɗauka a asibitin kafin a yanke ta, ta gane shi da zanen da ke ƙugunta. Na biyu na wata mace ce daban, fara, tsaye cak. A ƙasa an rubuta: "Sati uku kacal bayan yaye."

Sailuba ta rufe shago ta je har gidan Rahmatu, ta fizge wayarta ta goge hoton da hannunta. Ranar Juma'a Rahmatu ta sake ɗora shi.