Mai Walda a Bakin Ƙofa

Da aikin gadi na zo Doha, kuma shi na yi ta yi har aka ɗora ni a kan masu tsaron ƙofar wani wurin gini a Al Thumama, ba nisa da filin ƙwallo. Duk wanda ya daɗe a ƙofa zai gane yadda aka raba aiki ba tare da an faɗa masa ba. Turawa kan shigo a mota da farar hular kwano. Aikin ƙarfe na 'yan China ne. Mutanen Nepal da Bangladesh a bas ake sauke su, su ne masu haƙa da dako. 'Yan ƙasa suna ofisoshinsu a West Bay, ba ma ganinsu sai ranar duba aiki. Mu baƙaƙen fata kuwa ƙofa ce tamu.

Lokacin korona ni ke gwada zafin jikin kowa kafin ya shiga. A nan na saba da wani injiniya dattijo, Baturen Ostareliya, mai son hira ta cikin takunkumi. Wata rana ya dubi layin ma'aikata ya ce abin ya tuna masa da labarin ƙasarsu. Ya ce da kakanninsa suka je can suka kama ƙasa, su ne masu gonaki da garken tumaki. 'Yan China suka zama masu haƙar zinariya da noman kayan lambu da girki, 'yan asalin ƙasar kuma suka koma yi wa baƙi kiwo a filin da a da nasu ne. Da alamar kunya ya faɗa. Ni kuwa abin da na ɗauka daga maganar shi ne, ashe ko'ina haka duniya take, kowace ƙabila da aikinta.

Cikin masu gadina akwai wani mutumin Zangon Kumasi ta ƙasar Ghana, ɗaki ɗaya muke kwana. Walda ce sana'arsa tun a gida, amma wanda ya kawo shi ya ce baƙi irinmu gadi ake ba su, ya shigo tukuna. Shi ke yi mana girki, kuma hannunsa da daɗi. Tun da Ghana ta hana ƙasata Nijeriya zuwa gasar cin kofin duniya da za a yi a nan ya daina raga mini.

"Yaya, ku ci ku ƙoshi," yakan ce idan ya ajiye tukunya. "Ku da ba ku da wasa, ai sai ci."

Ana saura 'yan watanni a fara gasar, wata tifa ta bugi ƙofarmu ta karya ƙarfen da take gudu a kai. Lokacin hutun rana abokin zaman nan nawa ya je ya aro injin walda wurin 'yan China ya gyara. Shugabansu ya zo ya durƙusa, ya shafa wurin da yatsa, ya daɗe yana kallo. A wurin nan ba a yi wa ƙaramin ma'aikaci maganar aiki kai tsaye, sai ta hannun ogansa. Saboda haka ni ya samu. Ya yi magana a wayarsa, wayar ta fassara mini cewa yana son wannan mutum a cikin masu waldarsa, kuma tunda an sassauta dokar canjin kafil, wato ubangidan aiki, zai yiwu.

Na faɗa wa abokin zamana da muka koma ɗaki. Ya ajiye ludayi ya zauna a bakin gado.

"Yaya, don Allah da gaske?"

"Da gaske. Amma ka taɓa ganin baƙin mutum a cikinsu?"

"To sai in zama na farko."

"Ba ka jin yarensu, ba ka cin abincinsu. Wa zai ba ka lokacin salla? Ga gasa ta zo, ana neman masu gadi ruwa a jallo."

"Gasa wata guda ce, Yaya. Walda kuwa har tsufa." Ya yi dariya. "Ko dai miyata ce ba ka so ta tafi?"

Na taya shi dariya, amma ya faɗi rabin gaskiya. Sauran rabin kuma, kamfaninmu ya gargaɗe mu kada kowa ya rasa mutum ko ɗaya kafin gasa, ni kuma ina tsoron kujerata. Ya roƙe ni in faɗa wa ɗan Chinan cewa ya yarda zai je. Na ce to.

Da mutumin ya dawo neman amsa, abokina yana hutu a sansanin da muke kwana. Na karɓi wayar na ce ba ya so, ya fi son gadi. Ya dube ni, ya dubi ƙofar da aka gyara, ya ce halas, wato shi ke nan, ya tafi. Shi kuma abokina na ce masa har yanzu ba a dawo ba. Ya yi ta tambaya, daga baya ya gaji ya bari. A lokacin na gamsar da kaina cewa kare shi na yi daga wurin da ba namu ba.

Gasa ta zo. Aka kai mu bakin filin ƙwallo muna nuna wa 'yan kallo hanya, muna ta yalla yalla, wato a yi sauri, har murya ta dushe. Abokina ya yi aikinsa da fara'a, yana tsokanar duk ɗan Nijeriyar da ya gani. Da aka gama, kamfani ya fara rage mutane, aka soma da waɗanda ba su daɗe ba. Yana cikinsu. 'Yan China kuwa sun koma wani ginin a wata unguwa, tare da masu waldarsu.

Ni na riƙe masa jaka zuwa bas ɗin filin jirgi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini godiyar zama, ya nemi in yafe masa tsokana. Ya sa ƙafa a matakala, sai ya juyo.

"Yaya, in ɗan Chinan nan ya dawo, ka ba shi lambata."

Na ce to.

Yanzu yana Kumasi, yana walda da injin wani a gefen titi, ran da aka samu aiki. Yakan kira ni ranar Juma'a mu gaisa, ya tambayi mutanen ɗaki. Na sha shirya maganar a bakina kafin in ɗaga wayar. Har yau ban faɗa masa ba.