Ɗorawar da Alƙali Ya Hana Taɓawa

A gidanmu na Bungudu ba don ɗumi ake hura wuta bayan isha'i ba, don kalwar Kaka Hajo ake hurawa. Mai daddawa ce, kalwa kuwa sai ta sha wuta kafin ta yi laushi. Tana iza itace tana ba mu tatsuniya, mu jikoki mun kewaye tukunya. Ni ne babban jikanta namiji, don haka ba na tsira daga tsiyarta. "Ga maigidana rago nan," in ji ta, "ba cefane, sai baza kunne."

Daga ɗorawar gonar gado kalwar ke zuwa. Da kakanmu ya rasu aka raba gonar tsakanin Baba da ƙanensa, Baffa Sani, sai itacen ya faɗo daidai kan iyaka. Kowa ya ce nasa ne. Magana ta fi ƙarfin mai unguwa, ta kai kotu, daga nan aka ɗaukaka ƙara zuwa Gusau. Alƙali ya ce kada wanda ya taɓa ɗorawar sai an yanke hukunci. A shekarun da soja ke shirin sauka daga mulki ne. Ɗorawa ta nuna ta zube, awaki suka yi ta biki, Kaka ta koma roƙon kalwa wurin maƙwabta. Wannan bai dame ta ba kamar ganin 'ya'yanta biyu sun daina gaisawa, alhali katanga ce kawai tsakanin gidajensu.

Daga nan tatsuniyarta ta koma guda ɗaya tal. "Ga ta nan, ku matso," za ta ce da muryar wadda ta gaji. Wai wa da ƙane ne suka shiga filin kokawa bayan girbi, don nishaɗi kawai. Suna cikin riƙon juna sai wan ya ce gwiwar ƙanen ta taɓa ƙasa, ƙanen ya ce ƙarya ne. Aka yi ta gardama har makaɗa suka rataya ganguna suka tafi. Aka kira sarki, ya ce su tsaya yadda suke sai ya nemo shaidu, wanda ya fara saki shi aka kayar. Damina ta sauka, ciyawa ta kai musu ƙugu, gara ta kama gini a ƙafafunsu. Kullum uwarsu ta kawo tuwo, babu mai hannun karɓa, ta koma da abinta.

"To Kaka, wa ya yi kaye?" na tambaya wata rana.

"Kai dai maigidana, ba ka tambayi mai kai tuwo ba? Gasa da jayayya da shari'a dud abu guda na, jikana. Mai kallo yana iya tafiya gida, uwa ba ta iyawa. Ƙurunƙus. Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Wallahi tatsuniyar ta gundure mu. Ga shi tana ɗaga murya in tana ba da ita, har muka ɗauka kunnenta ne ya fara nauyi. Sai da na girma na gane ba da mu take ba. Baba na kan tabarmarsa a ƙofar ɗaki, Baffa na bayan katanga, kuma na tabbata dukansu suna ji. Har yau in na ji mutum ya ce sai ya ga ƙarshen wata magana, gajiya ce ke kama ni.

Baba ne ya ci shari'ar, ba wanda ya yi guɗa. Ba a jima ba Kaka ta kwanta ciwo, ta ce a kira mata Sani. Ya zo, ya toge a zaure, ya ce ba zai shiga ba sai Baba ya bar ɗakin. Baba ya ce a gidansa ba mai fitar da shi. Ana cikin wannan ja-in-ja har la'asar, ta cika tana kallon ƙofa.

Dukansu sun yi mata salla a sahun gaba, kowa a nasa ƙarshen.