Zagayen da Muka Yi Kafin Mu Sauka

Ina shago a kasuwar Gudu, ina naɗe wata atamfa da mai saye ta sa na warware sannan ta fasa, sai 'yata ta biyu ta shigo ta ce in shirya, ranar Asabar za ta ɗauke ni a jirgi. A lokacin tana tuƙa wani ƙaramin jirgi ne na kamfanin da ke duba wa manyan manoma gonakinsu daga sama. Ta ce ogansu ya amince, tunda aikin ranar bai wuce leƙa wasu gonaki a wajen Abaji ba. Na ce mata to, amma a raina ban tabbata zan iya shiga ba.

Na taɓa hawa jirgi lokacin aikin Hajji, sai dai wancan gida ne guda. Wannan kuwa da kyar ya fi tasi girma. Ta zagaya shi tana shafa fukafukai, ta leƙa tankin mai, sannan ta ɗaura min bel, ta sa min abin kunne don in riƙa jin ta duk da ƙarar injin. Na yi addu'ar tafiya, ta amsa da amin ba tare da ta ɗago daga abin da take dubawa ba.

Tashin bai ba ni tsoro yadda na zata ba. Ƙarshen damina ne, ƙasa kore shar. Titin Lokoja ya koma kamar zare, tireloli na rarrafe a kansa. A Abaji ta yi ƙasa kaɗan ta nuna min kunyoyin doya, da inda ruwa ya kwanta a wata gonar shinkafa. Da ta gama dubawa muka juyo.

A dawowa ne hankalina ya ɗan tashi. Na hango titin saukar jirgi tun daga nesa, na gyara zama, ina jiran mu miƙe mu sauka. Sai na ga ta karkata gefe. Na tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya lau, Umma. Ba a faɗa wa fili haka kawai. Sai an ba mu izini, an gaya mana ta inda za mu shiga."

Ta yi magana da Turanci a rediyo, muryar wani namiji ta amsa daga hasumiyar filin jirgin. Duk abin da ya faɗa sai ta maimaita masa. Bayan sun gama ta fassara min: ya gaya mata inda iska ke kaɗowa, da ɓangaren titin da za mu sauka, da tsayin da za ta tsaya a kai. Ta ce akwai hanya a sama da ke kewaye titin, ba a ganinta amma kowane matuƙi ya santa. Ƙananan jirage duka a tsayi ɗaya suke binta, suna juyawa ta hannu ɗaya, don kowa ya san inda zai nemi ɗan'uwansa. Ba a ratsa ta, a karkace ake shiga, ta tsakiyar dogon gefenta da ke daura da titin, ido na kallon ko'ina.

Haka muka shiga. Titin ya dawo hagunmu, muna tafiya daura da shi har muka wuce ƙarshensa. Ta ce sai mun juyo mun fuskanci iska za mu sauka.

Muryar ta sake magana. 'Yata ta ce wani babban jirgin fasinja na gabanmu, an ce mu ci gaba da miƙewa har sai mun gan shi.

"Taya ni dubawa, Umma. Can gaba ta hagu, ƙasan gajimare."

Na ƙura ido har ya fara ruwa. Sai ga wani ɗan haske kamar tauraro da rana tsaka. Na nuna mata da yatsa, ta gyaɗa kai, ta shaida wa mutumin mun gan shi. Ya zo ya wuce ta gefenmu, ƙato, tayoyinsa a waje. Duk da haka ba ta juya nan take ba. Ta ce babban jirgi na barin iska a hargitse a bayansa, tana iya kifar da irin namu, gara a ba shi tazara.

Can ta rage injin, ta juya hagu, ta sake juyawa hagu, titin ya miƙe sambal a gabanmu. Na zuba wa hannunta ido. Tayoyi suka taɓa ƙasa a hankali, gaba da inda babban ya sauka.

A mota na tambaye ta ko ta san mutumin hasumiyar. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai ta sani. Na ce ta gaishe min da shi. Ta yi dariya, ta ce rediyon ba na gaishe-gaishe ba ne, amma za ta yi masa godiya in an samu sarari. A Lugbe na ce ta tsaya wajen mai gasa masara, don sai a lokacin na tuna ban karya ba.