Haƙorin Makkan surukata

'Yata ta fari bakwaini ce, sati biyar ta yi a kwalba a wani asibiti a Zariya. Ranar da na sa ran sallama, likitar ido ta ɗiga mata magani, ta leƙa da fitilar da ta ɗaura a goshi, sannan ta zana min ido a bayan kati. Ta ce jijiyoyin jinin da ke bayan idon bakwaini sukan tsiro a karkace. Ciwon mataki biyar ne: na ɗaya da na biyu sukan warke da kansu, na biyar makanta ce. Tawa tana na uku, jijiyoyin sun kumbura, babu jira. Washegari aka ƙone wurin da hasken leza.

Muka koma Hunkuyi da umarnin in lura ko tana bin abu da ido. Ba abin da ban gwada ba: tocilar waya, jan tumatir, murfin samira. Yarinya ta yi biris da ni. A ɓoye nake yi, don 'yar fari ce, ko sunanta ba na kira a gaban mutane. Tsoro kuwa ya hana ni cin abinci.

Surukata tana da haƙorin Makka, amma tun da ta dawo daga hajji ba wanda ya gan shi, domin ba ta dariya. Wani hantsi tana riƙe da jikar a tsakar gida sai ta yi hamma. Rana ta haska haƙorin, idon yarinya ya tsaya cak.

Na ce, “Hajiya, don Allah a sake.”

“A sake me, 'yar nan?”

“Hammar.”

“Ke, da gayya ake hamma?”

Ta harare ni, sannan ta yage baki. Ta karkata hagu, ido ya bi. Ta karkata dama, ya bi. Ban san lokacin da na ƙwala kiran sunan 'yata ba, a gaban uwar mijina, ina tsalle da muciya a hannu. Kunya ta tafi yawo. Har akuyar gidan na yi wa albishir. Maƙwabta suka shigo, wasu kallon jaririya, yawancinsu kallon haƙori.

Da la'asar Hajiya ta ce muƙamuƙinta na ciwo, in kawo ruwan zafi. Da na kawo, na tarar ta sake yage baki, hawaye na bin kumatunta, yarinyar na kallonta.